Tambaya a kan harɗaɗɗun kalmomin Ingilishi: wacce ke gaba, wacce ke baya?

Ɗalibi daga Garwa:

Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma tun daga firamare da Faransanci na yi karatuna. Ingilishi darasi ne guda a cikin darussa, amma yana cikin abin da za a tambaye mu a jarrabawar bakaloriya. Abin da ya kawo ni gabanku ƙaramin al'amari ne da ya faru a kasuwa, sai dai ya nuna mini wani babban giɓi a karatuna.

Yayana yana da shagon takalma, kuma da yake yana samun masu saye daga Yola da Mubi, sai ya ce in rubuta masa abin da mai fenti zai zana a allon shagon da harsuna biyu. Na rubuta “boutique de chaussures” a sama, a ƙasa kuma na sa “shop of shoes”, domin haka kalmomin suka jeru a Faransanci, haka kuma suke a bakinmu idan muka ce shagon takalma. Kafin a kai wa mai fenti, wani dattijo daga Yola da ya zo sayen takalman yara ya hangi takardar a kan benci, ya karɓi bik ɗina, wato biro, ya soke layin ƙasa, ya rubuta “shoe shop”. Na ce masa, Baba, ai takalman suna da yawa, ko “shoes shop” ya kamata a ce? Ya ce a'a, haka ake faɗi, amma bai samu ya gaya mini dalili ba saboda motarsu tana shirin tashi.

Da na koma gida na buɗe kayen Ingilishi, wato littafin da nake rubutu a ciki, sai na tarar jan bik ɗin malaminmu ya sha kama ni a wannan wuri ban lura ba. Na taɓa rubuta “teethbrush” ya mayar da ita “toothbrush”, na rubuta “a five-years-old boy” ya soke harafin jam'in, na rubuta “class room” ya ja layi ya haɗe su, alhali a shafi na gaba na haɗe “busstop” ya raba su.

To, ga abin da nake roƙon a fahimtar da ni. Idan kalmomi biyu suka haɗu suka zama sunan abu guda, wace ƙa'ida ce take sa ɗaya a gaba, ɗaya a baya? Me ya sa ta farko ba ta ɗaukar jam'i ko da abin yana da yawa? Sannan ta yaya mutum zai san inda ake haɗewa, da inda ake rabawa, da inda ake sa karan ɗori a tsakani? Haddar kalmomi ɗaya bayan ɗaya ta gajiyar da ni, ina son in san yadda abin yake aiki. Allah ya saka da alheri.

Malamin Ingilishi, Marwa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na daɗe ina koyar da wannan darasi ga yaran da suka taso da Faransanci, kuma shawarar da nake fara ba su ita ce su ajiye Faransancin a gefe tukuna, su dawo gida. Bahaushe bai kamata harɗaɗɗun kalmomi su ba shi tsoro ba, domin harshensa cike yake da su: jirgin sama, jirgin ƙasa, jirgin ruwa, gidan sauro, ɗan sanda, gashin baki, rigar ruwa. Idan ka dubi kowace ɗaya za ka ga akwai kalmar da ita ce jigo, wato ita ce take gaya maka ko mene ne abin, ɗayar kuma tana fayyace wane iri ne. Jirgin ƙasa jirgi ne, ba ƙasa ba ce. Rigar ruwa riga ce, ba ruwa ba ne. Hausa tana sa jigon a gaba, ta liƙa masa -n ko -r, sannan mai fayyacewa ta biyo. Faransanci ma haka yake yi, sai dai shi da “de” ko “à” yake ɗaurewa, kamar a “salle de classe” da “brosse à dents”.

Ingilishi yana yin wannan aikin ne daga ɗaya gefen. Jigon yana zuwa a ƙarshe, mai fayyacewa tana gabansa, kuma ba a bukatar komai a tsakaninsu. Rigar ruwa ita ce “raincoat”, ruwan sama a gaba, riga a baya. Gidan sauro “mosquito net” ne, shagon takalma kuma “shoe shop”. Idan kana son ka tabbatar cewa wurin zama ne yake yanke hukunci, ɗauki kalmomi biyu ka juya su. “Racehorse” dokin sukuwa ne, dabba ce da za ka iya ɗaurewa a turke, amma “horse race” sukuwar dawaki ce, abin da ake taruwa a kalla. “Houseboat” jirgin ruwa ne da ake kwana a ciki, “boathouse” kuwa gini ne da ake ajiye jiragen ruwa. Kalmomin ba su canja ba, wadda ta zo ƙarshe ce ta ƙwace ma'anar. Saboda haka duk lokacin da ka gamu da irin wannan, fara karantawa daga dama, ka tambayi kanka: wannan abin mene ne? Amsar tana cikin kalmar ƙarshe.

Batun jam'i kuma daga nan ya samo asali, kuma a nan ma Hausa ta riga ta koya maka. Muna cewa jiragen ƙasa, ba ma cewa jirgin ƙasashe. Muna cewa 'yan sanda, ba ɗan sanduna ba. Jam'i yana hawa kan jigo ne kawai, don haka a Ingilishi yana zuwa ƙarshe: “shoe shops”, “toothbrushes”, “raincoats”. Kalmar farko ba ƙirga abin take yi ba, irinsa take faɗa, shi ya sa take zama tilo. Wanda ya ce kasuwar doya ai bai nufi doya guda ce a kasuwar ba, kuma gidan sauro ba sauro ɗaya yake karewa ba. Wannan ƙa'ida tana da ƙarfi har ta kai kalmar da kullum take cikin jam'i, kamar “trousers”, tana sauke harafinta idan ta shiga gaba, sai a ce “trouser pocket” ga aljihun wando. Lamba ma haka take: ana cewa “the boy is five years old”, amma idan aka dunƙule maganar aka sa ta gaban suna sai ta koma “a five-year-old boy”. Takardar sefa dubu goma ita ce “a ten-thousand-franc note”, babu jam'i a kan dubu, babu a kan faran.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai waɗanda suka fita daga layi. Ana cewa “clothes shop” da “sports car”, kuma idan kalmar farko “woman” ce ko “man” mai nuna jinsin mutumin, duka biyun suna ɗaukar jam'i, kamar “women teachers”. Waɗannan ba su da yawa, kana iya rubuta su a bayan kayenka yayin da kake gamuwa da su.

Akwai kuma wasu ƙalilan da jigonsu yake a gaba irin namu. Suruka “mother-in-law” ce, jam'inta “mothers-in-law”, domin uwa ce jigon. Mai wucewa “passer-by” ne, masu wucewa “passers-by”. Wasu irin “secretary-general” da “attorney general” da “court martial” tsarin Faransanci ne ya bar sawunsa a kansu, domin bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a shekarar 1066, Faransanci ya daɗe yana zaman harshen fada da na shari'a a can. Kai da ka san “secrétaire général” ba za su ba ka wahala ba.

Tambayarka ta uku, ta haɗewa da rabawa, na bar wa waɗanda suke fama da rubutun hukuma kullum, sun fi ni sanin inda take ciwo.

Mai fassara, Injamena:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Ƙanena, ni aikina fassarar takardu ne tsakanin Faransanci da Ingilishi, kuma zan fara da tabbatar maka cewa karantawa daga dama ita ce abin da nake ci da shi. A nan Injamena akwai hedikwatar hukumar da ƙasashen Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya suka kafa a 1964 domin kula da tafkin Chadi. Da Faransanci sunanta “Commission du Bassin du Lac Tchad”, da Ingilishi kuma “Lake Chad Basin Commission”. Ka jera su ɗaya a kan ɗaya ka gani: abin da ya zo farko a can shi ya zo ƙarshe a nan, kamar mutum da hotonsa a madubi. Haka “World Health Organization” take, idan ka bi ta daga ƙarshe sai ka sami Hukumar Lafiya ta Duniya daidai yadda muke faɗi. Man anguryar da ake tacewa a garinku “cottonseed oil” ne, wato mai, na iri, na auduga. Ingilishi yana iya tara sunaye huɗu ko biyar a jere babu ko harafin haɗi ɗaya, kuma wanda ya fara fassara daga hagu zai ɓace kafin ya kai tsakiya. Sunayen wurare irin “Lake Chad” da “Mount Cameroon” su ne suke sa jigon a gaba, ka riƙe wannan daban.

Sai dai ina da ƙari a kan maganar Malam, domin na ga ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa da zarar sun iya juya kalmomi an gama. Juyawa tana gaya maka jigo, amma ba ta gaya maka dangantakar da ke tsakanin kalmomin biyu. Dubi namu: man gyaɗa daga gyaɗa aka samo shi, man shanu daga nonon shanu, amma man shafawa ba daga shafawa aka tatso shi ba, amfaninsa aka faɗa. Babu wanda ya zaunar da kai ya koya maka wannan, sanin duniya ne ya raba maka su. Ingilishi ma haka yake barin mai sauraro ya cike giɓin da kansa. “Olive oil” daga zaitun yake, “engine oil” na zubawa a inji ne, “baby oil” na shafa wa jariri ne. “Night train” lokaci ta faɗa, “goods train” kaya ta faɗa, “steam train” kuma abin da ke tafiyar da jirgin ta faɗa. Faransanci yakan taimake ka da “de” da “à” da “pour”, har ya bambanta “tasse à thé” da “tasse de thé”. Ingilishi yana yin wannan bambanci ta wata hanya, kuma a nan ne “of” ɗinka yake da gurbi: “a teacup” kofin shayi ne ko da babu komai a ciki, “a cup of tea” kuwa shayin ne cikin kofi. Ka ga ke nan “of” ba haramun ba ne, amma ba shi ne hanyar raɗa wa abu suna ba.

Game da rubutu, gaskiyar magana ita ce babu ƙa'ida guda da za ta raba maka gardama a kan sunaye. Hanyoyi uku ne, a rabe kamar “bus stop” da “post office”, da karan ɗori kamar “mother-in-law”, ko a haɗe kamar “classroom” da “blackboard”, kuma al'adar masu rubutu ce take zaɓa. Abin da aka lura da shi shi ne kalma takan fara a rabe, idan ta daɗe a bakin mutane ta sami karan ɗori, daga baya ta haɗe. A tsofaffin littattafai za ka ga “to-day” da “to-morrow”, yau kuwa babu mai rubuta su haka. A zamaninmu ma mun ga “e-mail” ta koma “email”. A shekarar 2007, da aka fitar da bugu na shida na ƙamus ɗin Shorter Oxford, an cire karan ɗori daga kalmomi kusan 16,000, wasu aka haɗe su kamar “bumblebee”, wasu aka raba su kamar “ice cream”. Idan masu ƙamus da kansu suna sake shawara, kai ɗalibi ba abin kunya ba ne ka duba. Gajerun kalmomi masu gaɓa ɗaya-ɗaya da aka saba da su sun fi haɗewa, dogaye sun fi zama a rabe, kuma ana guje wa haɗin da zai rikita ido. Ka zaɓi ƙamus guda ka tsaya a kansa, kada ka rubuta kalma iri biyu a takarda ɗaya.

Inda karan ɗori yake da ƙa'ida ta gaske shi ne idan kalmomi biyu ko fiye suka taru suka zama sifa guda a gaban suna. Ana rubuta “a well-known trader” da karan ɗori, amma “the trader is well known” babu shi. Amfaninsa shi ne ya nuna wace kalma ce take tafiya da wace. “An old-clothes seller” mai sayar da gwanjo ne, amma idan ka cire karan, mai karatu yana iya ɗauka tsoho ne mai sayar da tufafi. A takardar kwangila irin wannan ɗan layi yana iya sauya abin da aka sa wa hannu, shi ya sa nake bin sa da ido biyu. Idan kalmar farko ta ƙare da “-ly”, kamar “a highly paid worker”, ba a sa shi.

Ɗalibi daga Garwa:

Malam, Yaya, na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Jiya da dare na ɗauki kayena na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya daga dama, kuma mafi yawansu sun buɗe mini. Amma biyu sun tsaya mini a wuya. Na farko “pickpocket”: idan jigo yana ƙarshe, ai ya kamata ya zama wani irin aljihu ne, alhali ƙamus ya ce ɗan sane ne. Na biyu, a wani darasi an rubuta “English teacher”, kuma na kasa gane ko malamin da ke koyar da Ingilishi ake nufi ko malamin da ya fito daga Ingila, tunda rubutun iri ɗaya ne. Haka kuma allon ajinmu kore ne, amma malam yana kiransa “blackboard”. Shin kuskure ne aka saba da shi, ko akwai wani abu da ban gani ba?

Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Ngaundere:

Jikana, ni ba malami ba ne, kuma ina neman afuwar malaman da suka riga ni magana. Ingilishina a bakin aiki na koye shi, shekarun da aka tura ni Kumba, a yankin Kamaru mai magana da Ingilishi, kuma da kunne na koya kafin in iya rubutawa. Saboda haka abin da zan ƙara shi ne wanda takarda ba ta nunawa.

Harɗaɗɗiyar kalma a Ingilishi ana jin ta kafin a gan ta. Mai harshen yakan danna murya a kan kalmar farko, ya saki ta biyu. Idan ya ce “ENGLISH teacher”, da nauyi a gaba, malamin darasin Ingilishi yake nufi, ko da Bahaushe ne ɗan Marwa. Idan ya ce “English TEACHER”, da nauyi a baya, malami ne Baturen Ingila, ko da lissafi yake koyarwa. Haka “BLACKboard” allon aji ne kowane irin fenti aka shafa masa, “black BOARD” kuwa kowane katako ne baƙi. Fadar shugaban Amurka “WHITE House” ce, farin gidan maƙwabcinka kuma “white HOUSE”. Mu da muka taso da Faransanci a nan muke tuntuɓe, domin Faransanci a ƙarshen magana yake sauke nauyinsa, sai mu ɗauki wannan ɗabi'a mu kai ta inda ba ta da wuri. Na daɗe ina faɗin sunayen kayan aiki da nauyi a baya, abokan aikina suna sake tambayata me na ce, kafin wani direba ya zaunar da ni ya sa na riƙa maimaitawa a bayansa. A wurin aikin ne kuma na gane cewa idan inji ya lalace ana cewa “break DOWN”, kalmomi biyu, amma lalacewar kanta “BREAKdown” ce, kalma guda. Ba kowace harɗaɗɗiyar kalma ce take bin wannan ba, amma mafi yawan sunaye suna bi.

Koren allonku kuwa ba kuskure ba ne, kuma Hausa tana da irinsa. Farar hula shi ne wanda ba soja ba, ko da jar dara ce a kansa, ko ma babu hular. Baƙin ciki ba launin hanji ba ne, farin jini ba ciwo ba ne. Idan kalmomi biyu suka daɗe tare sukan haifi ma'ana ta uku wadda ba ta cikin ko ɗaya daga cikinsu, kuma alamar hakan ita ce ba ka iya cusa wata kalma a tsakani. Da ka ce farar sabuwar hula, ka koma maganar hula ta gaske. Haka ba a cewa “a very blackboard”.

“Pickpocket” kuma ɗan'uwan hana-salla ne. Hana-salla ba salla ba ce, hula ce mai baki a gaba. Dafa-duka ba duka ba ne, abinci ne. A-kori-kura mota ce, a-ci-balbal fitila ce. A duk waɗannan jigon yana waje, ba a faɗe shi ba, aikin da abin yake yi kawai aka ambata. Ingilishi yana da su, sai dai ba su kai namu yawa ba: “scarecrow” shi ne mutum-mutumin da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye, “killjoy” mai ɓata wa mutane nishaɗi. Faransancinka ma yana da “porte-monnaie” da “essuie-glace” da “ouvre-boîte”. Kuma ka saurari bakinka da kyau: yadda kake furta “hana” a cikin “ya hana salla” ba haka kake furta ta a sunan hular ba, a sunan hular muryar tana sauka ƙasa. Abin da Hausa take yi da karin sauti shi Ingilishi yake yi da nauyin murya.

Wani abin da ya daɗe yana burge ni shi ne yadda kalma ta biyu take narkewa idan an daɗe ana sakinta. “Breakfast” asalinta karya azumi ne, kusan daidai da karin kumallonmu, amma yau ba a furta ta kamar kalmomi biyu. “Cupboard” katakon ajiye kofuna ne tun asali, kuma yadda Bature yake furta ta haka Hausa ta ɗauka ta ce kabad. Idan ka bincika za ka tarar mun daɗe muna amfani da harɗaɗɗun kalmomin Ingilishi ba mu sani ba: cingam daga “chewing gum”, tocila daga “torchlight”, hankici daga “handkerchief”, hedikwata daga “headquarters”, reluwe daga “railway”.

Malamin Ingilishi, Marwa:

Baba, ka ce kai ba malami ba ne, amma wannan darasi na nauyin murya shi ne wanda ya fi gagarar mu a aji, domin yara sittin ko fiye ba sa samun damar furtawa ɗaya bayan ɗaya. Da izininka zan ɗauki misalin hana-salla in kai wa ɗalibaina. Abu ɗaya zan ƙara domin ɗana kada ya rikice idan ya gamu da shi: idan kalmar farko tana faɗin abin da aka yi abu da shi, nauyin yakan koma baya, kamar “cotton SHIRT” da “stone WALL”. Ƙamus mai kyau yana sa ɗan ɗigon layi a sama, daf da farkon gaɓar da ake dannawa, kuma ƙamusoshin da ke cikin waya suna furta kalmar idan ka taɓa ta. Hajiya mai fassara kuma ta yi gaskiya a kan “a cup of tea”, na gode da ta cike abin da na tsallake.

Ɗalibi daga Garwa:

Baba, Malam, Yaya, Allah ya ƙara girma, ya saka muku da mafificin alheri. Yau da safe mai fenti ya gama allon, an rubuta “Boutique de chaussures” a sama, “Shoe Shop” a ƙasa, yayana kuma ya ce a ƙara “Shagon Takalma” a tsakiya, aka ƙara. Na ware shafuka uku a bayan kayena, ɗaya na waɗanda ake haɗewa, ɗaya na waɗanda ake rabawa, ɗaya na masu karan ɗori, kuma a gefen kowace kalma ina rubuta takwararta ta Hausa tare da ja wa gaɓar da ake dannawa layi. Yayana yana son a ƙara ƙaramin allo na takalman yara, na rubuta “children's shoes” kamar yadda na gani a jikin wani kwali. Na lura wannan yana ɗauke da alamar mallaka, kuma kalmar farko tana cikin jam'i, saɓanin “shoe shop”. Malam, idan ka sami lokaci ina son in san ko wannan ma harɗaɗɗiyar kalma ce, ko wani babi ne daban, domin mai fenti zai dawo ranar Asabar.